Bargon Ƙyallaye Ba Ya Rufa Asiri

Turmin atamfa yadi shida ne a Kantin Kwari, amma da zarar ya shiga shagon tela sai ya rame. A fitar da riga da zani da ɗankwali, ki tambayi ragowa, tela ya dafe ƙirji ya ce, "Wallahi Hajiya da ƙyar ma ya isa." Ragowar kuwa tana nan lafiya lau cikin buhu ƙarƙashin keke, tana jiran hunturu.

Da sanyi ya sauka a Getso sai buhun ya yi daraja. Tsofaffi su aika jika ya roƙo ƙyallaye, a yanka su daidai wa daida, a jera mai fulawa kusa da mai tsuntsu, ja kusa da shuɗi, a bi su da allura ɗaya bayan ɗaya, a yi shafi da tsohon zani. Sai ga bargo da ba a kashe masa komai ba sai zare da haƙuri.

Aibinsa ɗaya: surutu. Ranar da aka shanya shi a igiya, duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta tsaya karatu.

"Laa, Yaya, wannan ba ankon bikin 'yar gidan Malam ba ne?"

"Shi ne."

"Auren da ya mutu kafin mu gama biyan bashin ankon?"

"Ke dai bari. Ga na aurenta na biyu can ƙasa."

A wata kusurwa ga atamfar da maigida ya rantse wa uwargida cewa ita kaɗai ya saya wa, an kuma gano irinta jikin amarya ranar Sallah. A tsakiya ga atamfar siyasa: almakashi ya tafi da fuskar ɗan takara, saura kunne ɗaya da rabin hula. Mai kunnen ya sauya jam'iyya sau biyu, kunnen dai yana nan inda aka ɗinke shi.

Watakila shi ya sa muke jin kunyar bargon. Da an yi sallama sai a cusa shi ƙarƙashin gado, a fito da bargon China mai damisa, wanda tun ranar jere yake cikin ledarsa, ba a taɓa lulluɓa da shi ba. A wurinmu faci shaidar talauci ce, ko da akwati ya cika da anko goma da aka sa sau ɗaiɗai.

Alhali mabiya Mahadi a Sudan, a shekarun 1880, jibba mai faci suka mayar tufar alfarma. 'Yan Bay Fal na Senegal har yau da rigar haɗe-haɗe suke tinƙaho. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, matan baƙar fata sun daɗe suna haɗa bargo da tsofaffin wandunan noma don maganin sanyi. A 2002 aka rataye aikinsu a manyan gidajen baje kolin zane na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga shi a kan sarki na gidan waya. Namu yana ƙarƙashin gado tare da tsohon kwano.

Ku jira kawai. Ranar da wata mai shago a Abuja za ta ɗauki hotonsa ta sa a Instagram da farashin ɗan maraƙi, za ku ga 'yan boko sun kamo hanyar Getso da tsarabar goro, kowa na tambaya, "Ina Kaka? Kwana biyu na yi kewarta."

Kafin ranar ta zo, mata ku riƙa duba ankon da za ku saya, domin zai ba da shaida bayan an manta da bikin. Ku kuma 'yan takara, ku riƙa buga hotonku ƙanana, yadda fuskar za ta shiga ƙyalle ɗaya mu gane wanda ya yi mana alƙawarin rijiya.