Nasiha ga Mai Nufin Haɗa Motar Farauta a Kadawa

Tun daga shekarar 1974, sa'ad da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya riƙa gangarowa ta kanal-kanal yana ratsa ƙasashen Bunkure da Kura da Garun Malam, yankin Kadawa ya zama wuri wanda rani da damina duk ɗaya suke gare shi wajen caɓi. Saboda haka duk maharbin da Allah ya jarrabce shi da sha'awar haɗa mota mai ja da ƙafa huɗu da hannunsa, lalle ne ya sani tun da fari cewa kafin motar nan ta ga dawa sai ta ratsa ta gefen shinkafar mutane, da alkamarsu, da albasarsu da tumatirinsu, kuma kowane fangali a cikinsu yana da mai shi, mai shi kuwa yana da murya.

Kada wani ya karya maka zuciya, ɗan'uwa, da cewa ƙera mota aikin Turawa ne. A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa. Ita kanta Land Rover, wadda aka fito da ita a Ingila a 1948, samfurinta na farko a kan ƙashin bayan Jeep ta sojan Amurka aka ɗora shi, kuma ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa aka yi mata jiki da alminiyam. Wanda ya fara da kayan aro, ashe, yana da magabata na ƙwarai.

Sharaɗin farko shi ne neman yardar uwargida, domin tsakar gidanta ne zai koma gareji har tsawon watanni, igiyar shanyarta ce za ta ɗauki wayoyin batir, kuma babu makawa wata rana za a nemi babbar robar wanki a tarar an jiƙa notuna a cikinta da kananzir. In ka sami wannan izini, sai ka yi sammako zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano tare da bakaniken da ka amince da tsoron Allahnsa. Idan ɗan gwangwan ya dafa wani inji ya ce maka, "Alhaji, wannan ko shekara bai yi yana aiki ba," ka amsa masa da fara'a, ka ce, "Madalla, Malam, a tayar mana mu ji muryarsa," gama inji ba ya iya rantsuwa, hayaƙinsa ne shaidarsa.

A nan ne babbar mas'ala take, kuma ina roƙonka ka natsu. Ka nemi aksul na gaba da na baya, da giyabos, da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, dukansu daga mota ɗaya, ko aƙalla daga iri ɗaya. Ƙaramar jif ta Suzuki ta fi dacewa saboda rashin nauyinta, tsohuwar Hilux kuwa ta fi sauƙin samun kayan gyara. Dalili shi ne, haƙoran da ke cikin kowane aksul suna da lissafin juyi nasu, idan lissafin na gaba ya saɓa wa na baya, to, ƙafafun gaba za su nufi Kura da gaggawa alhali na baya suna nan suna shawara a Kadawa, kuma ƙarshen wannan saɓani shi ne karyewar farfela a tsakiyar hanya. Haka nan wajibi ne tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, ba uku na akori-kura ɗaya na tarakta ba, ko da an ba ka na taraktan kyauta. Kuma in ka hau kwaltar Kano zuwa Zariya, ka cire giyar ƙafa huɗu, domin a wajen kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin tafiya, turɓaya da laka suna yafe wannan bambanci ta hanyar santsi, amma kwalta ba ta yafiya, sai ta tara shi a cikin ƙarfe har wani abu ya tsinke.

Game da jiki, zuciya za ta raya maka ka sa mai walda ya lafta ƙarfe mai kauri ko'ina don motar ta yi kwarjini, ka saɓa mata. Hanyoyin da ke bin gefen kanal ƙasa ce aka tara aka daɓe, an yi su ne don manoma su kai taki su kwaso amfani, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da su a madadin dubban mutane. Mota mai nauyi da faɗi tana zabtare bakinsu, in baki ya zabtare ruwa ya ɓalle, wanda ke ƙarshen layi ya kwana bai yi ban-ruwa ba, kuma hakkinsa yana wuyanka ko da bai taɓa sanin sunanka ba. To, ka yi ta siririya, marar nauyi, kujerunta a ƙasa-ƙasa don kada ta kife a gangare. Wuri ɗaya ne ban yarda a yi tsumulmular ƙarfe ba, wato bakan bututu mai ƙwari da za a gicciya bisa kawunan mutane, tare da birki sabo fil, wanda ba a taɓa sayensa a hannun ɗan gwangwan.

Sauran abubuwa ƙanana ne amma suna kunyata mutum. Ka ɗaga bututun shan iskar inji sama da kafaɗarka, gama injin da ya kurɓi ruwa sandunan cikinsa lanƙwashewa suke yi. Ka sa raga a gaban lagireto saboda ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa. Ka nisanta tankin mai daga salansa, kada kuma ka tsaya da salansa mai zafi a kan busasshiyar ciyawa ko tarin bambaron shinkafa a lokacin hunturu. Salansar nan kuwa a gyara ta sosai, domin fakara da zabon daji da zomo ba kurame ba ne, motar da ake jin tahowarta tun daga Bunkure sai dai ta yi farautar ƙura.

Karnuka su ne manyan fasinjoji, a yi musu rumfa a baya da mazubin ruwa, a shimfiɗa buhu a kan ƙarfe don kada tafinsu ya ƙone. Ka kuma ƙaddara cewa duk motar da aka ƙera don mutum huɗu, ranar fita sai an sami goma sha biyu a ƙofar gida, kowa da gorarsa da barandaminsa, ga makaɗi da gangarsa. A nan sai ka koyi cewa "Ku yi haƙuri, sai wani jiƙon" da sakin fuska. Bindiga kuwa, harba-ruga ce ko ta zamani, ba a shiga da ita mota da ɗuri, kuma ba a harbi daga kan kujera.

Malamanmu na Malikiyya sun halatta farauta don neman abinci ko kare amfanin gona, sun karhanta wadda aka yi don wasa tsantsa, sun kuma shar'anta ambaton sunan Allah yayin sakin kare ko harbi. Ka riƙe wannan, ka bar mai ciki da mai shayarwa, ka bi gafiya da gyazbin da ke yi wa manoma ɓarna, za ka ga suna yi maka addu'a. Dajin Falgore da ke kudu da Tiga gandu ne na hukuma, ƙarfin ƙafa huɗu bai zama lasisin shigarsa ba. In farauta ta yi ƙasa, motar ba za ta zauna banza ba, ga kwandunan tumatir suna jiran mai kai su Kwanar Gafan daga lungunan da manyan motoci ba sa shiga.

Daga ƙarshe ka tanadi igiya mai kauri, da shebur, da faffaɗan katako na ɗora jak, da ƙullin goro, domin duk iya lissafinka wata rana sai ta kafe. Idan haka ta faru kada ka yi ta taka totur, tayoyi rami kawai za su ƙara haƙa maka. Ka sauko, ka naɗe wando, ka nufi dattijon nan mai shanun huɗa wanda ka wuce ɗazu kana yi masa ham, ka durƙusa ka ce, "Baba, barka da aiki, ga ɗanka ya shiga wani hali." In shanu sun fid da ku, ka miƙa goro da ladan aiki, sa'an nan kai da 'yan rakiyarka ku ɗauki shebur ku mai da gefen fangalin da kuka rusa yadda kuka same shi, kafin a saki ruwan yamma.