Kurtu tsakanin usur da begila

Ina da ƙara a kan gwamnati, kuma tun da babu alƙalin da zai karɓe ta, a nan zan shigar. Gwamnati ce take ɗaukar ɗan Buza ko ɗan Keita aikin soja, ta aske masa kai, ta ba shi kaki da bindiga, ta ce ya tafi Diffa kada ya motsa sai an ce ya motsa. Ita ce dai kuma ta tsayar da jandarma da ɗan sanda a bakin hanya, ta ba su usur da littafin tara, wanda in suka yago maka shafi ɗaya dole ka bayyana cikin wa'adi. Kowane umurni daidai yake in an ɗauke shi shi kaɗai. Abin dariyar yana farawa ne ranar da su biyun suka faɗo a kan mutum guda, alhali Allah bai yi masa jiki biyu ba.

Mu ƙaddara kurtu ne ya samu ɗan hutu ya sauka tashar Madawa. Ya tuɓe kaki ya sa shadda, ya ari babur ɗin ƙanensa mai kabu-kabu, zai kai goro gidan surukai a Buza. Hular kwano tana rataye a gida, don shadda da hular kwano ba sa shiri, asiransi kuwa ta mutu tun kafin a cire albasar bara. Bai bar gari ba usur ya tashi. Aka karɓe takardu, aka tura babur furiyar, wato ma'ajiyar ababen hawan da aka kama, aka miƙa masa 'yar takarda mai hatimi. Ya ce gobe da safe zai je ya biya, kuma na yarda da gaske yake. Cikin dare waya ta yi ƙara: hutu ya ƙare, kowa ya koma bakin aiki. Kafin hantsi ya wuce Maraɗi, gabansa Damagaram, gaban Damagaram Diffa, fiye da kilomita 800 daga inda babur yake shan rana. Takardar ya bar ta hannun tsohuwarsa yana sauri, ya ce, "Inna, ki aje wagga, kak ki bari ta ɓace." Inna ba ta taɓa saɓa amana ba. Ta ga hatimin gwamnati, ta naɗe takarda cikin leda, ta tura ta ƙarƙashin kwanonin jere tare da katin zaɓe da takardar haihuwar jikoki. Ƙane ya zo yana roƙo, "Inna, Yaya bai bar wata takarda ba?" Ta ce ya bari, kuma an ce a ajiye, saboda haka ba mai ganin ta sai mai ita ya dawo.

To yanzu a gaya mini abin da kurtu zai yi. In ya bi takarda ya kamo hanyar Madawa, sunansa wanda ya gudu daga bakin aiki, kuma wannan magana ce ta kotun soja, inda tarar babur take zama wasan yara. In ya bi kwamanda, wa'adi ya wuce, babur na tara ƙura, ƙane ya rasa abin kai wa gida. Ina so mai karatu ya kwatanta shi a ransa ya ƙame, ya sara wa kapiten ɗinsa ana shirin fita sintiri bakin Komadugu, ya ce, "Mon kapiten, ina neman izinin kwana huɗu, akwai maganar hular kwano." Abin ma ya fi haka daɗi: dokar ta-ɓacin da aka kafa a Diffa a Fabrairu 2015 ta zo da hana hawa babur, saboda haka sojan da ya yi aiki can a lokacin hanin yana iya wuni yana kama baburan mutane da sunan gwamnati, gwamnatin nan kuma tana riƙe da na ƙanensa tana jiran ya zo ya yi bayani. Ba sai an je Diffa ba ma. Tiliya da Tasara, cikin jiharmu ta Tawa, sun shiga dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma wanda aka ajiye can ba ya fita don an kira shi komisariya.

Abin da nake nema ƙarami ne. Ban ce a yafe tara ba, wanda ya hau babur kai tsirara ya biya, ko da janar ne. Na ce a tsayar da ƙidayar kwanaki daga ranar da aka tura shi aiki zuwa ranar da ya dawo, a ƙara masa wasu kwanaki na kakkaɓe ƙura, shaida kuma ita ce takardar tura shi aiki mai hatimin kwamanda. Wa'adi irin na boko an tsara shi ne don mutumin da yake kwana gida ɗaya kullum. A Faransa, inda muka gaji yawancin tsarin takardunmu, mai tarar hanya yana da kwana 45 ya biya ko ya musanta, in ya yi sauri cikin kwana 15 a rage masa, in ya makara a ƙara masa. Wannan lissafin mai akwatin gidan waya ne a ƙofar gida. Amurka, da take yawan tura 'ya'yanta yaƙi ƙasashen mutane, ta yi dokar sauƙaƙa wa soja tun 1940, ta sabunta ta a 2003: soja a bakin aiki yana iya sa a ɗage masa shari'ar da ba ta laifi ba na aƙalla kwana 90, kuma ruwan bashin da ya ci kafin ya shiga aiki ba ya wuce kashi 6 cikin ɗari. Amma dokar ba ta shafi shari'ar laifi ba, kuma a jihohi da dama can ake jefa laifin tuƙi, don haka sojan Amurka ma yakan zauna ya rubuta wa alƙali wasiƙar ban haƙuri. Hujjar da ta fi kama ni dai a gida take. Duk almajirin da ya yi karatun Risala a zaure ya san matafiyi yana kasaru, yana ajiye azumi ya rama bayan ya dawo, kuma mayaƙa suna da tasu sallar tsoro. Ba a yafe azumin ba, jinkirta shi aka yi. In Mai sama ya yarda Ya bi bawanSa bashin kwanakin Ramadan saboda tafiya, ban ga dalilin da littafin tara zai fi tsanani ba.

Na san abin da za a ce da ni a majalisar shayi. Za a ce, malam, yaushe ka ga an tsayar da soja? Ai kati yake nunawa a sara masa ya wuce. Wannan yana faruwa, ba zan yi musu ba, amma hujja ce a gare ni. Alfarma tana bin mai galo da mai ɗan ajinsu a birgad. Kurtun da bai san kowa ba, ko wanda ya ji kunyar fito da kati, shi ne yake shiga tarko. Doka a rubuce tana ba kowa jinkiri iri ɗaya, kuma tana ƙwace wa mai kati uzurin cewa ba shi da lokacin biya. Za a kuma ce ya aiko da kuɗin mana, ga Nita, ga Amana, ga Airtel Money, ɗan ci-rani ma daga Abijan yake aiko da kuɗin rago. Wannan ya warware rabin matsala in akwai rezo a inda yake, kuma in hukuma ta yarda wakili ya biya ya karɓi babur, abin da nake goyon baya ƙwarai saboda ƙanen nan bai yi wa kowa laifi ba sai aron babur. Sauran rabin kuwa yana nan: biya amsa laifi ne. In kurtu yana ganin an zalunce shi, yana da haƙƙin ya tsaya gaban hukuma ya faɗi nasa, kuma ba a aika baki ta Nita.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na 'yan ci-rani. Adar ƙasar tafiya ce, da an gama girbi ƙauyukan Keita da Buza sukan koma na mata da tsofaffi da yara, maza sun nufi Najeriya, Kwaddibuwa ko Libiya. Me ya sa soja zai samu jinkiri su ba su samu ba? Ina jin nauyin wannan, amma akwai bambanci. Ɗan ci-rani talauci ne ya kore shi, sai dai shi yake zaɓen ranar tafiyarsa, yana iya ɗage ta ya biya tararsa, kuma in ya juyo daga hanya ba mai kai shi kotu. Soja kuwa mai bin sa tarar shi ne ya ɗauke shi daga gari, kuma shi ne zai ɗaure shi in ya dawo ba izini. A 2020 hukumomi sun ce za su ninka yawan sojan ƙasa daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar, wato irin waɗannan takardu ƙaruwa za su yi a ƙarƙashin kwanonin iyaye mata.

Saura masu wayo, don ba a rasa su. Da an yi wannan doka, wani da aikinsa buga takardu ne a bariki cikin garin Tawa, wanda kowace Juma'a ake ganinsa a gida Keita yana cin tuwo, zai dafa ƙirji ya ce shi ma yana fagen daga. Shi ya sa na ce shaida ita ce takardar tura mutum aiki, ba kakin da ke jikinsa ba. Tsakanin Tawa da Keita bai kai kilomita 100 ba. Wannan ya nemi izinin yini guda ya zo ya biya, kuma in babur zai hawo, ya tuna da hular kwano.