Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙurar Hanyar Burji

Zuwa ga Mai Girma Ƙura,
Uwar ɗakin hanyoyin burji, mai rakiyar kowace a-kori-kura.

Batun wannan takarda shi ne shigar da Mai Girma take yi cikin rumfar bodin a-kori-kura ba tare da sallama ba. Direba yakan sayi rumfar fiba ko ta alminiyam da kuɗi masu ciwo, ya ɗaura ta a kan bodi, ya loda buhun shinkafa da farin yadin kayan lefe, ya kulle da makulli. Bayan tafiyar awa biyu a kan burji ya buɗe, makulli yana nan lafiya lau, amma yadi ya zama ja, burodin guzuri kuma yana gas-gas a haƙori. Sunan motar ma ya ƙara wa lamarin ruɗani. Waɗanda suka raɗa mata a-kori-kura, kura suke nufi, mai harafin k marar lanƙwasa. Ƙura mai lanƙwasa kuwa, tun da kamfanin Toyota ya fito da Hilux a 1968, ba a ji labarin motar da ta kore ta ba.

Ya kamata a fara da bayanin wace ce Mai Girma. Ƙasa ce da ta niƙu har nauyinta ya kasa zaunar da ita. Ana auna ƙwayoyinta da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Yashi yakan fara daga kimanin maikiromita 63 zuwa sama, yumɓu yana ƙasa da 2, silin gashin kan mutum kuma kaurinsa kimanin 70 ne. Yashi idan taya ta watsa shi nan da nan yake faɗuwa, don haka ba shi da hannu a wannan ƙorafi. Masu laifin su ne ƙananan, waɗanda suke rataye a iska mintuna bayan mota ta wuce. Ga ƙwayar da faɗinta bai fi maikiromita 10 ba, tsagar milimita ɗaya babbar ƙofar gari ce, guda ɗari za su jera kafaɗa da kafaɗa su shige ba tare da sun gogi juna ba.

Dangin Mai Girma biyu ne a wannan yanki. Akwai baƙuwa mai zuwa da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, wadda yawancinta take tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, inda iska take matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Enedi ta kwashi gari ta yi yamma da shi, har wani ya tsallake teku ya sauka a dajin Amazon. Wannan baƙuwa hazo take yi, ta bushe leɓe, ta kwanta a kan gilashi. Akwai kuma 'yar gida, jar ƙurar marmara da tayoyin motar suke niƙawa da kansu, wadda ta samo launinta daga tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasar. Da ita ake wannan shari'a. Tana da 'yan'uwa a nesa: direbobin ƙauyukan Ostireliya suna fama da wata mai laushin hoda da suke kira ƙurar bijimi, kuma yawancin dabarun da za a ambata nan gaba su da takwarorinsu na Afirka ta Kudu sun daɗe da sanin su.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mota mai gudu tana keta iska, iskar ta rabu ta bi sama da gefe, amma ba ta haɗewa nan take a bayan motar, domin bayan rumfa a yanke yake kamar bango. Sai a sami wani gurbi a daidai ƙofar bodi inda matsin iska ya ragu, iskar tana juyawa a cikinsa kamar ruwa a bayan dutse a tsakiyar kogi. Tayoyin baya suna ta da ƙura, wannan juyi yana ɗebo ta yana manna ta a jikin ƙofa. Shi ya sa gilashin baya ya fi na gaba datti, kuma a nan ne yaran unguwa suke samun allon rubuta "a wanke ni" da yatsa.

Wannan rabin labarin ne. Iskar da take wucewa da gudu ta gefen rumfa tana zuƙo iskar ciki ta duk wata kafa da ta samu, sai matsin cikin rumfar ya faɗi. Dangantakar gudun iska da matsinta tsohon karatu ne, Daniel Bernoulli ya yi bayaninsa tun 1738. Abin da aka zuƙe dole a maye gurbinsa, kuma iskar da ta fi kusa ita ce wadda take cike da ƙura a bakin ƙofar baya. Rumfar ta zama zuga-zugin maƙeri da yake shaƙa ta baya. Ƙarfin shaƙar yana bin ninkin gudu sau kansa: wanda ya tashi daga kilomita 40 a awa zuwa 80 ya ninka shi sau huɗu. Ke nan Mai Girma gayyatarta aka yi, kuma mai gida ne ya buga katin.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar bodi kuwa ba ɗaya ba ce. Babbarsu ita ce ratar da ke ƙarƙashin ƙofar bodi, inda ƙofar take juyawa. Faɗin wannan ƙofa ya kai kusan mita ɗaya da rabi; idan ratar milimita 5 ce kawai, jimlarta ta kai santimita murabba'i 75, kusan daidai da rami mai faɗin santimita 10. Babu direban da zai yarda a huda masa irin wannan rami a bodi, amma da shi yake yawo kullum. Bayan ita akwai gefen ƙofar biyu, da kusurwoyin sama inda ƙofar rumfa da ƙofar bodi da bangon gefe suke haɗuwa, da layin da rumfa ta zauna a kan leɓen bodi, da ramukan zubar ruwa a kusurwoyin gaba, da ramukan noti da na ƙugiyar ɗaure kaya, da wurin da wayar fitila ta ratsa. Kamfani bai ƙera bodi don ya riƙe iska ba, ya ƙera shi ne don ruwan sama ya fita.

Gano waɗannan kafofi ba ya buƙatar na'ura. Da tsakar rana, inji a kashe, sai yaron mota ya shiga rumfa da alli a hannu, a rufe shi na ɗan lokaci. Duk inda ya hango zaren haske ya zana alama. Da dare kuma a ajiye tocila a ciki, a zagaya ta waje, har da leƙawa ta ƙarƙashi. Hanya ta uku Mai Girma ce da kanta ta samar: a share bodi tas, a yi tafiyar kilomita kaɗan a kan burji, a buɗe a hankali. Za a ga ja-jan zane a baje kamar mafici, kowanne bakinsa yana nuna kafar da aka shigo. Ɓarawon da yake barin sawu irin wannan ya rage wa 'yan sintiri aiki, kuma ana yi wa Mai Girma godiya a kan haka.

Toshewa ita ce mataki na farko. Ana goge wurin ya bushe, domin gam ba ya kama ƙasa, sannan a manna robar ƙofa mai rami a ciki a gefen ƙofar bodi da ƙarƙashinta. Inda ba a sami ta kanti ba, tsohuwar robar cikin taya da aka yanka faffaɗa takan rufe ratar ƙasa, a liƙa gefe ɗaya a daɓen bodi, ɗaya ya kwanta a jikin ƙofa. Kusurwoyi suna son guntun soso mai tauri, ramukan noti suna son silikon, tsakanin rumfa da leɓen bodi kuma a shimfiɗa roba kafin a ɗaure. Ramukan zubar ruwa a sa musu toshi mai cirewa, saboda wanda ya liƙe su har abada zai tara tafki a bodinsa da damina, tsatsa ta karɓi aikin daga hannun ƙura. Kada a shafa wa roba giris, yana lalata wasu robobin, kuma Mai Girma tana ɗaukarsa a matsayin tabarma. Gargadar hanya tana kwance noti, don haka a riƙa taɓa maɗauran rumfa bayan doguwar tafiya.

A nan ne yawancin direbobi suke tsayawa, a nan kuma suke shan kaye. Bodi yana murɗewa a kan gargada, tsagar da aka rufe jiya ta buɗe yau, kuma muddin matsin ciki yana ƙasa da na waje, ƙaramar kafa ɗaya ta isa. Maganin da ya fi aiki yana kama da wauta a kunnen mai ji: a huda wa rumfa rami da gangan. Ana sa mashaƙar iska a saman rufin ta gaba, bakinta yana kallon inda aka dosa, a can sama inda iska take da tsabta tun da ƙurar tayoyi ba ta kai wurin ba. Gudun mota yana cusa iska ciki, matsin rumfa ya ɗara na baya, sai kowace tsaga ta koma hurowa waje. Mai Girma ta iso bakin ƙofa ta tarar ana fitowa, babu hanyar kutsawa.

Wannan mashaƙa tana da sharuɗɗa. Iskar da take shigarwa dole ta fi wadda take yoyo, shi ya sa toshewa take zuwa kafin hudawa. Tana buƙatar matata, galibi soso da aka ɗan shafa wa man matata, kuma a riƙa wanke shi, domin matatar da ta toshe daidai take da rashin mashaƙa. Tana buƙatar murfi saboda ruwan sama. Idan bakinta ya kalli baya, ko aka sa ta a bayan rufi, zuƙa za ta yi, cutar ta ƙaru; haka ma buɗe tagar gefe ta baya don a sha iska. Tun da gudu ne yake ba ta ƙarfi, a tafiyar hawainiya aikinta kaɗan ne, wasu sukan ƙara mata ƙaramar fanka mai aiki da batirin mota. Wannan ka'ida ce take aiki a gidan gaba: a rufe gilashi, a kunna fanka tana jawo iskar waje, sai a juya ta zuwa iskar ciki lokacin da za a ratsa ƙurar wata motar.

Sauran aikin na ƙafar direba ne. Wanda ya manne wa tirela a baya ya mai da mashaƙarsa mazurari, yana ɗura wa rumfarsa ƙurar wani, sai ya ja baya har hanya ta washe ko ya rufe murfin. Rage gudu yana rage ƙurar da taya take tayarwa da ƙarfin shaƙar a lokaci guda, ga shi yana tsawaita ran shokozoba. Idan an isa, a jira ƙura ta lafa, a share leɓen ƙofa da tsintsiya kafin a ɗaga, in ba haka ba abin da aka hana shiga tsawon kilomita ɗari zai zube a kan kaya cikin daƙiƙa ɗaya. Magani da abinci da na'urori kuma a sa su a bokiti mai murfi ko kula ko durom, kada a dogara da bakko.

Akwai magana ɗaya da babu raha a cikinta. Shaƙar da take jawo ƙura ita ce take jawo hayaƙin salansa, wanda bakinsa yake ƙarƙashin bayan bodi. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, mai kisa. Jar ƙura a cikin rumfa shaida ce cewa hayaƙi ma ya san hanya. Saboda haka ɗaukar mutane ko dabbobi a rufaffiyar rumfa haɗari ne, barci a cikinta inji yana aiki ya fi haɗari. Ita kanta ƙurar, ƙwayoyinta da suka gaza maikiromita 10 suna wuce hanci su gangara hanyoyin numfashi, masu asma sun fi kowa sani.

Bisa ga waɗannan bayanai, ana gabatar wa Mai Girma tayin sulhu. An bar mata hanyar burji gaba ɗayanta, da tayoyi, da lambar mota, da gilashin baya don karatun yara, da girar yaron mota idan ya sauka ɗaure kaya. Abin da ake nema ta janye daga gare shi bai wuce tsawon bodi ɗaya ba. Masu motoci a nasu ɓangaren sun ɗauki alkawarin toshe ƙofar baya, da buɗe mashaƙa a gaba, da wanke matata, da sassauta ƙafa a kan totur. Duk wanda ya saɓa ɗaya daga cikin huɗun nan, ya rasa hurumin kai ƙara, kuma kuɗin wankin yadi yana wuyansa.

Wassalam.

Daga masu a-kori-kura da yaransu,
a bakin tasha, bayan an kakkaɓe riguna.