Tsohuwa Ta Ƙi Ritaya

A shagunan buga takardu na kusa da Jami'ar Tarayya ta Dutse akwai kwamfutocin da suka girmi jami'ar kanta, wadda aka kafa a 2011. Mai shago kan kunna tasa da safe, ya je ya sha koko da ƙosai, ya gaisa da maƙwabta, ya dawo ya tarar tana nan tana miƙa.

Mai gyara ba ya rasa magani: a ƙara mata ram daga gig 4 zuwa 8, a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, a hure ƙurar hunturun da ta toshe fanka. Gaskiyarsa kuwa, SSD kan mayar da tsohuwa yarinya, na ɗan lokaci dai. Sai dai Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance ba ya kwana a gidan da babu na'urar tsaro ta TPM 2.0, ko an yi masa shimfiɗa.

To, a haɗa sabuwa mana. A hau mota zuwa Kano, a shiga Titin Beirut, a ji farashi yana bin dala sau da ƙafa. "Sabuwa" ma a can sau da yawa ita ce wadda wani ofis a Turai ya gama mora.

Da yamma mai shago ya sauka Dutse da ram guda ɗaya da linzami a leda. Ɗalibai na jiran a buga musu furojet. Ya kunna tsohuwa, ya aiki yaro ya sayo shayi.