Angon da ba ya sauke amarya

A ƙoramun Turai, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, akwai wata 'yar halitta dangin jatan lande mai suna Gammarus pulex. Namijin, in ya ƙoshi, ya kai kusan santimita 2, kuma a karkace yake iyo, kan gefensa. Abincinsa ganyen da ya faɗo ruwa, musamman wanda fumfuna ta riga ta tausasa.

Wajen kishi kuwa, sai a sara masa. Macen ba ta karɓar namiji sai a ɗan lokacin da ta saɓule tsohon ɓawonta, kafin sabon ya yi tauri. Gogan naka ba ya yarda da "dawo gobe". Sai ya cafke ta da ƙafafunsa na gaba, ya riƙe ta ƙarƙashin cikinsa, ya yi ta yawo da ita kwana da kwanaki. Ga nauyi, ga ruwa na ja, ga ci ya ragu, ga wani ƙato na iya zuwa ya ƙwace ta.

Duk wannan wahala, ranar da ta yi saɓa aka gama abin da ya tara su, sai ya bar ta da ƙwai a jakar cikinta, ya kama gabansa neman wata.