Keken da Ba Ya Shan Mai

Tun da kuɗin mai ya fara cizo, wasu samarin Maraɗi suka ƙudura aje mota. Dabarar ba wuya: a samo tsohon keke, a ɗaura wa ƙafar baya injin lantarki, a ɗaure batir da igiyar roba. Bakanike ya rantse zai kai ka Tibiri kafin shayi ya huce.

A kan kwalta, gaskiya, yana gudu. Amma birkin na keke ne, kuma shiru yake tafiya, sai ka ce ɓarawon takalmi a masallaci. Jar akuyar Maraɗi, wadda hon ɗin tirela ma bai cika tada mata hankali ba, ina za ta ji shi? Ka ratse cikin yashin Jiratawa sayen zogale, batir ya ce ga garinku, ka dawo kana turawa, babbar riga ta naɗe a sarƙa.

Sai maganar caji. Wanda ya ga 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba zai cire feda ba.

Wani Alhaji kuwa tambaya ɗaya ya yi: «To, Hajiya da buhun gero, ina za su zauna?»