Ciwon Zan-Ajiye-Aiki: Alamominsa da Yadda Yake Ƙarewa

Ciwon zan-ajiye-aiki lalura ce da ke kama ma'aikacin da aiki ya fita daga ransa amma ƙafarsa ta ƙi fita daga ofis. An fi samunsa a ma'aikatun gwamnati, ko da yake bankuna da makarantun kuɗi ma ba su tsira ba. Yakan soma ne tun daga mataki na 08, inda ake ajiye mai digiri idan ya shigo aikin gwamnati a Najeriya. Da yake ƙarin girma daga mataki na 07 zuwa na 14 sai bayan shekara uku-uku, shi ma in akwai gurbi, majinyaci yana da wadataccen lokacin jinya.

Alamar farko ita ce mutuwar jiki ranar Lahadi da la'asar. Daga nan sai a ga mutum ya zo ofis, ya sa hannu a rajista, ya ajiye tabarau da jarida a kan tebur don su tsare masa aiki, shi kuma ya "ɗan zagaya". Zagayen kan ƙare a gindin darbejiyar sakatariya, inda masu ciwo iri ɗaya ke haɗuwa su yi lissafin kasuwancin da ba su fara ba: kiwon kaji, kiwon kifi, sana'ar POS, adaidaita sahu biyu a ba yara haya, ko rumfar atamfa a Kantin Kwari. A takarda kaza ba ta mutuwa, direba ba ya gudu da balas. Akwai wanda ya san farashin buhun abincin kaji na wannan makon, amma fayil ɗin da aka ba shi tun kafin azumi sai an tambayi masinja. Lokacin da Jihar Kaduna ta mayar da ranakun aiki huɗu a mako a ƙarshen 2021, masu wannan ciwo ba su ga sabon abu ba, domin sun daɗe da aiwatar da tsarin ba tare da jiran sanarwa ba.

Zafin ciwon yana bin kwanan wata. Yakan tashi daga sha biyar ga wata, ya kai ƙololuwa wajen ashirin da biyar, sannan ya faɗa warwas da zarar waya ta yi ƙarar shigowar albashi. Ranar tafiya kuwa kullum tana nan a tsaye: "in sha Allahu bayan Sallah". Tun da Sallah biyu ce a shekara, kuma ba a taɓa fayyace wacce ake nufi ba, ba wanda zai ce an saɓa alkawari.

Babban abin da ke hana warkewa shi ne, a ƙasar Hausa aikin albashi ba na mutum ɗaya ba ne. Da zarar magana ta fita, sai kwamiti ya zauna ba tare da an kira shi ba. Mahaifiya za ta fara da tambayar ko wani ne ya yi masa hannu: "Ɗan nan, anya kai kaɗai ne kuwa?" Kawun da ya samo aikin zai lissafa ƙofofin da ya durƙusa a gabansu. Uwargida za ta ce, "Maigida, ba na hana ka ba, amma kuɗin makarantar yara fa?" Suruki ba zai ce komai ba, sai dai ya aiko a tuna cewa ma'aikaci ya ba 'yarsa. Wanda ya fi kowa shiga tashin hankali shi ne mai shagon unguwa, domin littafin bashinsa kacokan a kan ƙarshen wata aka gina shi. Dukansu za su haɗu a kan cewa ba a sakin reshe a kama ganye, kuma ba wanda zai ɗaga kai ya duba ko reshen ya daɗe da bushewa.

Dattawan kwamitin suna da uzuri. Sun ga zamanin Udoji, wato ƙarin albashin da ya biyo bayan rahoton 1974, lokacin da akawu ke shigowa gari da sabon babur da rediyo. Wannan hoton ne ke kansu har yau, alhali mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024, amma kullum buhun shinkafa na gaba yana ɗaga masa hannu. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, an samu ma'aikatan da, in aka yi lissafin gaskiya, direban mota suke wa aiki.

Abin mamaki, doka ba ta kulle ƙofa ba. Mai son ajiye aiki sanarwar wata ɗaya zai bayar, ko ya biya albashin wata a madadinta. Ga wanda ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, inda ake cirar kashi 8 daga albashinsa mai aiki ya ƙara kashi 10, asusun fanshon nasa ne duk inda ya koma, kuma in ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba yana iya karɓar kashi 25 na abin da ke cikin asusun. Abin da tsarin mulki ya hana shi ne ma'aikacin gwamnati ya gudanar da kasuwancin kansa, ban da noma. Shi ya sa kusan kowane darakta manomi ne, shagon siminti kuwa na Hajiya ne.

Gane lokacin tafiya ba ya bukatar ɗan duba. Idan kuɗin mota da na abincin rana sun kusa cinye albashi, kuma an yi shekaru ba a koyi wani abin da za a iya sayarwa a waje ba, lokaci ya yi. Saura kawai a tabbatar sana'ar da za a koma ta riga ta ciyar da gida na wasu watanni, a zahiri ba a takarda ba. Wanda ya tafi cikin fushi don oga ya ba shi takardar tuhuma, shi ne ake gani bayan mako biyu yana raɗa wa masinja ko wasiƙarsa ta ajiye aiki ta isa teburin oga. Masu tafiyar gaske ba a jin su a gindin darbejiya. Sai dai wata rana a ga an canza suna a ƙofa.

Idan ba a yi magani ba, ciwon kan kai mai shi har shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. A wannan gaɓa yakan juye gaba ɗaya. Mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana rantsuwar zai tafi, shi ne zai garzaya kotu ya yi rantsuwar cewa an yi kuskure a shekarunsa, har takarda ta nuna ƙanensa ya girme shi. In dabarar ba ta yi ba, a yi masa walimar sallama, a ba shi agogon bango, ya koma layin tantance 'yan fansho, inda lokaci-lokaci ake bukatar ya zo da kansa ya tabbatar yana raye.